Ranar da Dutsen Dala ya koma Ganye

Taswirar ta buɗe a kan Kano, daidai inda muka saita ta. Ga titin Zariya ya miƙe kudu, ga filin jirgin Malam Aminu Kano, ga tsohon birni da lungunansa. Na sa yatsa na ja, ta biyo ni. Na ware yatsu biyu, unguwanni suka matso da sunayensu. Komai lafiya lau, sai abu ɗaya: jajayen alamomin da muka kwana biyu muna shigarwa, ko ɗaya babu.

Tarihi nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma na daɗe ina jin ciwon yadda yara ke haddace sunayen garuruwan hanyar fatake ba tare da sun san wanne ke gaba da wanne ba. Za su gaya maka Bature Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850, ya ratso Katsina, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, amma ka ce su nuna maka da hannu inda Agadas take, sai wani ya nuna gabas wani ya nuna yamma. Shi ya sa da na rubuta musu dogon bayani da za su karanta a waya, na so a tsakiyarsa a sami taswirar da ake taɓawa ta amsa. Wurare 24 na zaɓa, daga Ƙofar Doka a Zariya, zuwa Dala da Kurmi da marinar Ƙofar Mata, zuwa hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu, har masallacin Agadas mai hasumiyar ƙasa ta mita 27. 'Yar yayata, wadda ke karatun kwamfuta, ita ta jona wata ƙaramar manhaja da ke karanta jadawali ta mayar da kowane layi alama. Kowane wuri da sunansa da lambobinsa biyu.

Da farko intanet na zarga, don a unguwarmu shi ne abin zargi na farko. Ta girgiza kai.

"Kawu, da intanet ne da ƙasar ma ba za ta fito ba. Dubi tituna, duk sun sauko."

Nan ta fahimtar da ni abin da ya zama sandar jagorarmu har ƙarshen aikin. Abin da ido ke gani kamar taswira guda, shimfiɗa biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Ta ƙasa ba tamu ba ce. Ƙananan hotuna ne masu kusurwa huɗu, kowanne ɗigo 256 tsawo da faɗi, waɗanda waya ke ɗaukowa daga OpenStreetMap, taswirar sa-kai da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, tana jera su kamar tayil ɗin daɓe. A mataki na sifiri duniya duka hoto ɗaya ce. Ka matso taki ɗaya ta zama huɗu, ka ƙara ta zama 16, kowane taki ana ninkawa huɗu, har a mataki na 18, inda ake ganin lungu, duniya ta rabu gida sama da biliyan 68. Waya ba ta ɗauko su duka, sai 'yan waɗanda suka cika fuskarta. Shimfiɗa ta sama kuwa, wato alamomin, daga jadawalinmu take fitowa. Tun da ta ƙasa ta fito daidai, laifin yana sama, a hannunmu.

"To ko dai ba ta karanta jadawalin ba, ko ta karanta ta ajiye su wani wuri," in ji ta. Ta tsuke yatsu, taswirar ta ja baya. Jigawa ta shigo, Bauci ta shigo, Gombe ta shigo. Can ƙasa ta hannun dama, a kudancin jihar Adamawa, sai ga tarin jajayen ɗigogi sun cunkushe wuri ɗaya. Ta taɓa na sama. Rubutuna ne ya fito: Dutsen Dala. A ƙarƙashinsa kuma, a jikin taswirar, sunan garin da ke kusa: Ganye.

Daga Kano zuwa Ganye, ko tsuntsu ne sai ya ci fiye da kilomita 500. Ƙasar Chamba ce, dab da iyakar Kamaru. Kurmi na can, Gidan Makama na can, marinar Ƙofar Mata na can, duk Kano ta yi ƙaura ba a bar kowa ba. Muka ci gaba da ja. Zariya muka same ta a Taraba, wajejen Bali. Katsina da Daura sun tsallaka cikin Kamaru. Agadas kuwa sai da muka yi ta jan taswira gabas kafin muka tsince ta a arewa maso yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.

Na ce ko wayata ce ta ba da lambobin banza, tun da wasu wuraren da ƙafata na je na tsaya na ɗauka. Muka kwafi lambobin Dala, 12.0 da 8.5 da 'yan canjinsu, muka zuba a Google Maps. Alama ta sauka a kan dutsen, har ana ganin matattakalarsa. Lambobin ba su da aibi.

Na ɗauko takarda na zana inda kowane gari ya faɗa, kamar yadda nake yi a allo. Sai da na gama zanen na ga abin da ban gani a waya ba. Garuruwan ba watsewa suka yi ba. Zariya, Kano, Katsina da Daura, Agadas: jerinsu na nan yadda yake, ba wanda ya sha gaban wani. Abin da ya canza shi ne hanyar da a zahiri ta miƙe daga kudu zuwa arewa yanzu ta kwanta daga yamma zuwa gabas. Wanda ya fi kowa nisa arewa shi ya fi kowa nisa gabas. Ko a cikin Kano kanta haka abin yake: wurin da ke arewa da Kurmi ya koma gabas da ita. Kamar an ɗauki ƙasar an nuna wa madubin da aka jingine a karkace.

Na tura mata takardar. Ta kalla, ta buɗe jadawalin, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in karanta mata lambobin Ganye. Na nemo: wajen 8.4 arewa, 12.1 gabas. Na sake duban na Kano: 12.0 arewa, 8.5 gabas. Lambobi iri ɗaya ne, gurbi kawai suka musanya.

Kowane wuri a doron ƙasa lambobi biyu ke kama shi. Ɗaya latitud, nisansa arewa ko kudu da layin ikwaita da ya raba duniya biyu. Ɗaya longitud, nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Landan, wanda taron ƙasashe a Washington ya amince da shi a 1884. Mu muna kiransu lambar arewa da lambar gabas, ya fi sauƙi a baki. Tambayar ita ce wacce ake fara rubutawa, kuma a nan duniya ba ta haɗu a kan magana ɗaya ba. Matuƙan jiragen ruwa da malaman labarin ƙasa sun saba fara faɗin lambar arewa, haka Google Maps ke ba ka idan ka danna wuri, haka kuma Leaflet, manhajar zana taswira da Volodymyr Agafonkin ɗan Yukiren ya fitar a 2011, take karɓa. Masu lissafi kuwa layin kwance suke fara ambata kafin na tsaye, kuma a taswira layin kwance shi ne gabas da yamma. Tsarin ajiye bayanan wurare da ake kira GeoJSON, wanda aka kammala ƙa'idarsa a 2016, hanyar masu lissafi ya bi: gabas tukuna, sannan arewa. Manhajarmu tana mayar da jadawali zuwa wannan tsarin ne, don haka gurbin farko take ɗauka a matsayin gabas. Ni kuma na rubuta yadda na kwafo. Na sa wa kowane gurbi kanu da Hausa, amma ita ba kanu take karantawa ba, matsayi take ƙirgawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta yi ko gyaran murya ba. Lambar arewa ba ta wuce 90, ta gabas kuma tana kaiwa 180. Mutumin Tokyo, wanda lambar gabas ɗinsa ta kai 139, idan ya juya su ya rubuta wurin da babu shi a duniya, kuma da wuya abin ya wuce ba a lura ba. Mu a nan lambobinmu biyu duk ƙanana ne kuma kusa da juna, don haka juya su yana haifar da wuri na gaske, mai gari da hanya da mutane, sau da yawa ma a cikin Najeriya. Wanda bai san ƙasar ba zai ga jan ɗigo a kan kore ya wuce abinsa. Na gwada da Makka don in nuna wa yara: 21.4 arewa, 39.8 gabas. Ka juya su, sai ka sauka a duwatsun ƙasar Girka.

'Yar yayata ta musanya gurabun biyu, ta sabunta. Hanyar ta miƙe tsaye. Dala ya koma Dala, Gobarau ta koma Katsina, Kusugu ta koma Daura. Na yi hamdala na fara ƙirga alamomin don in rufe kwamfuta. Sha tara na samu.

Biyu daga cikin biyar ɗin da suka ɓata ba su ba mu wahala ba. A Damagaram wurare biyu na sa, fadar Sarki da ke Birni da kuma unguwar Zango inda ayari ke sauka, amma alama ɗaya ce ta fito, kuma ba a Nijar ba. Tana jihar Katsina, wajejen Mashi, kusan kilomita 140 daga inda ya kamata. Agadas ma wurare biyu na sa, amma alama ɗaya ce, a fili can kudu maso yamma da garin. Da 'yar yayata ta duba abin da manhajar ta ajiye, sai ta ga 13 da 8 cif, da 16 da 7 cif, babu ko ɓurɓushi a bayansu. Lambobin nan wani malami abokin aikina ne ya turo mini daga Damagaram, kuma ya rubuta su daidai yadda aka koya masa: 13,80 da 8,99. A tsarin Faransanci waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, inda mu muke sa ɗigo. Yaren PHP da aka rubuta manhajar da shi, idan yana mayar da rubutu lamba ya ci karo da waƙafi, nan yake tsayawa ya zubar da sauran. Digiri ɗaya na arewa kimanin kilomita 111 ne, don haka zubar da 0.80 ba ƙaramin rashi ba ne. Wuraren gari ɗaya kuma duk suka zama lamba ɗaya, suka hau kan juna. Muka mayar da waƙafi ɗigo, alamomi suka zama 21.

Saura uku: Tasawa, Tanut da Adarbisinat. Su na san matsalarsu, ko in ce na zaci na sani. Ban kai ga samun lambobinsu ba, na bar gurabunsu fanko, don haka ban yi tsammanin ganinsu ba. Ita dai ba ta gamsu ba, domin manhajar ta rubuta a ƙasa cewa alamomi 24 ta zana. Ta danna maɓallin da ke sa taswira ta ja baya har sai kowace alama ta shigo fuska. Na zaci za ta tsaya tsakanin Zariya da Agadas. Sai ta yi ta ja baya, Legas ta shigo, Kwatano ta shigo, Akara ta shigo, shuɗin teku ya cika rabin fuskar. A tsakiyar ruwan, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Gana, ga jan ɗigo ɗaya tal. Ta taɓa, aka rubuta Adarbisinat, garin da ke bakin hamada. A ƙarƙashinsa Tanut, a ƙarƙashin Tanut kuma Tasawa.

Wurin nan shi ne inda layin Girinwic, bayan ya ratso Mali da Burkina Faso ya fita teku ta Tema, yake gamuwa da ikwaita. Arewa sifiri, gabas sifiri. Shi dai yaren da ya tsaya a waƙafi, idan aka ba shi gurbin da babu komai aka ce ya mayar lamba, sifiri yake mayarwa. Ni ina nufin ban sani ba tukuna, manhajar kuma ta ji na ce sifiri, kuma sifiri da sifiri adireshi ne cikakke. Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. Yawan bayanan da ke faɗawa can ya sa masu sana'ar taswira suka raɗa wa wurin suna Null Island, wato tsibirin babu, har masu tattara bayanan Natural Earth suka sa wani tsibirin ƙage mai faɗin murabba'in mita ɗaya a wurin a 2011, don ya zama tarkon kama irin wannan kuskure. Ƙasa dai babu ita a can. Abin da aka taɓa ajiyewa shi ne na'urar auna yanayin teku da aka ɗaure tana shawagi, ƙarƙashin shirin PIRATA na haɗin gwiwar Brazil da Faransa da Amurka. Na nemo lambobin garuruwan uku a daren, suka bar teku suka jeru a hanyarsu.

Da a ce duk wuraren manyan garuruwa ne, da nan labarin ya ƙare. Amma akwai alamomi uku da suka fi sauran daraja a wurina: tsofaffin rijiyoyi biyu da wani kango da dattawa ke cewa zangon fatake ne, a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Daura. Ba su cikin kowace taswira da na gani. Lambobinsu daga littafin aikin baffana na kwafo, tsohon safiyo ne da ya yi ritaya tun ina yaro, kuma ya auna yankin da kansa. Ranar Asabar na je rijiya ta farko don in ɗauki hoto. Na tsaya a bakinta, na buɗe taswira. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda nake yana kan rijiyar. Jar alamar kuwa tana gabas da ni, cikin gonar gero. Na taka na ƙirga, taki ɗari da 'yan kai, wajen mita 80.

Abu na farko da ya zo mini shi ne juyin lamba. Baffa da digiri da minti da daƙiƙa ya rubuta, kuma minti 60 ne ke yin digiri, don haka digiri 12 da minti 30 shi ne 12.5. Wanda ya kwafa shi 12.30 ya kauce da kilomita 22. Muka sake lissafin sau biyu, daidai yake, kuma irin wannan kuskure da ya auku da ba a mita 80 zai tsaya ba. Na ce to wayar ce. Amma tun watan Mayun 2000 da Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin GPS da gangan, waya a fili ba ta cika kaucewa fiye da 'yan mitoci ba, kuma hoton tauraron ɗan'adam ya nuna bakin rijiyar daidai inda shuɗin ɗigon yake. Sai na fara tunanin abin da ba na so, cewa hannun Baffa ne ya kuskure.

Rijiya ta biyu ce ta wanke shi. Alamar tana gabas, mita 80. Na je kangon, gabas, mita 80. Mai kuskure yakan kauce nan dama can hagu, nan da yawa can kaɗan. Wanda ya kauce sau uku gefe ɗaya da awo ɗaya bai yi kuskure ba, da wani ma'auni dabam yake aiki.

Na same shi bayan la'asar a zaure, na gaishe shi, na nuna masa wayar. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon jar alamar a cikin geron.

"Ɗana, wannan taswirar taku daga ina take fara awonta?"

Na ce daga ikwaita da Girinwic mana, Baffa, kamar kowa.

"Kowa haka yake faɗa. Amma mu daga Minna muke ɗaurowa."

Ya yi mini bayanin a hankali, yana zana ƙwai a ƙasa da yatsa. Duniya ba dunƙulalliya ba ce sumul, ta ɗan baje a tsakiya, kuma kafin ka ba wuri lamba sai ka zaɓi siffar lissafi da za ka ɗora mata, ka kuma zaɓi inda za ka kafe siffar. Safiyoyin Najeriya sun yi aiki da siffar da Alexander Ross Clarke na Birtaniya ya lissafa a 1880, suka kafe ta a wata alamar awo da ake kira L40 kusa da Minna, daga nan suka yi ta miƙa awo tudu zuwa tudu har ya game ƙasar. Tsofaffin taswirorin gwamnati da takardun filaye da yawa a kan wannan ma'aunin suke. GPS da taswirorin waya kuwa da WGS 84 suke aiki, ma'aunin da ma'aikatar tsaron Amurka ta tsayar a 1984, wanda aka kafe a tsakiyar duniya don ya dace da ko'ina. Rijiya ɗaya ce, amma lambarta a littafin Baffa dabam, a waya dabam, kuma a yankinmu bambancin kusan duk gabas da yamma yake, wajen mita 80. Ko a Girinwic ma, in ji shi, wanda ya tsaya a kan layin ƙarfen da aka shimfiɗa a ƙasa zai ga wayarsa ba ta nuna sifiri ba, sai ya taka kimanin mita 100 gabas.

Da daddare 'yar yayata ta zuba lambobin uku a QGIS, manhajar taswira ta kyauta, ta gaya mata cewa na Minna ne, ta ce ta juya su zuwa WGS 84. Alamomin uku suka matsa yamma tare. Ta kira hoton tauraron ɗan'adam a ƙarƙashinsu, na ga jan ɗigon farko ya zauna a kan ɗan baƙin da'irar bakin rijiyar, kusa da inuwar tsamiyar da na tsaya a ƙarƙashinta.

A jadawalin yanzu mun ƙara gurbi biyu, ɗaya na wanda ya ba da lambar, ɗaya na ma'aunin da ya yi aiki da shi. Ranar Litinin na raba wa 'yan aji biyar taswirar. Wata yarinya 'yar asalin Kazaure ta ja ta da yatsa daga Kano zuwa arewa, ta tsaya a rijiya ta biyu, ta ɗaga hannu ta ce akwai wata tsohuwar rijiyar a bayan garinsu da kakarta ke cewa raƙuman Buzaye na sha a can. Na ce idan ta je hutu ta tsaya a bakinta ta ɗauko mana lambobin, ta rubuta a gefen kowacce ko ta arewa ce ko ta gabas.